Ba Allura Kaɗai Ce Ta Kawar da Agana Ba

A ranar 8 ga Mayu, 1980, Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanar cewa cutar agana ta ƙare a doron ƙasa, kuma har yau babu wata cutar ɗan Adam da aka sake yi wa irin wannan sanarwa. Yawancin masu karanta wannan rubutu ba su taɓa ganin mai agana ba, don haka ya dace a tuna musu ko mece ce ita. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya, sannan ƙuraje su feso a baki da fuska da hannuwa, su bi jiki har tafin hannu da tafin ƙafa, su ɗuri ruwa, su yi mugunya. Mai tsananin daga cikin nau'o'inta biyu takan kashe kusan mutum 3 cikin kowane 10 da ta kama. Wanda ya tashi yakan tashi da zanzana a fuska har ƙarshen rayuwarsa, wasu kuma su rasa idanunsu. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai ta ci rayuka kimanin miliyan 300, adadin da ya zarce na dukkan waɗanda yaƙe-yaƙen duniya biyu suka kashe nesa ba kusa ba.

Labarin da aka saba bayarwa gajere ne: wani likita Bature mai suna Edward Jenner ya gano rigakafi, aka yi wa duniya allura, cutar ta mutu. Ni a ganina wannan labari yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, kuma ɓoyewar tana cutar da mu a yau. Jenner ya yi gwajinsa a 1796. Shekara 171 bayan haka, a 1967, agana tana nan daram a ƙasashe fiye da 30, tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15 a shekara, tana kashe kusan miliyan 2. Daga 1967 zuwa mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a cikin jama'a kuwa, shekara 10 ce kacal. Idan maganin yana hannu duk tsawon waɗancan shekaru 171 amma cutar ba ta gushe ba, to lalle wani abu dabam ne ya sauya a shekaru goman ƙarshe, kuma wannan abin shi ya kamata mu sani.

Tun kafin Jenner mutane ba su zauna sun naɗe hannu ba. Abubakar ar-Razi, likitan nan da ya yi aiki a Bagadaza sama da shekara 1,000 da suka wuce, ya rubuta littafi inda ya bambance agana da ƙyanda ta hanyar alamominsu. A Sin da Indiya da ƙasar Turkawa da sassan Afirka, an daɗe da sanin wata dabara: a ɗebo ɗan ruwan ƙurji ko ɓawonsa daga mai cutar, a sa wa mai lafiya, sau da yawa ta hanyar tsaga fatar hannu, sai ya yi cutar sama-sama ya warke, ba za ta sake kama shi ba. Wani bawa da aka kamo daga Afirka, wanda aka laƙaba wa suna Onesimus, shi ya bayyana wa ubangidansa Cotton Mather wannan dabara a birnin Boston na Amurka. Da annoba ta faɗa wa birnin a 1721, likita Zabdiel Boylston ya gwada ta a kan mutane sama da 240, kuma kimanin 2 cikin 100 ne suka mutu, alhali cikin waɗanda cutar ta kama da kanta kimanin 14 cikin 100 suka rasu. A wannan shekarar ce kuma Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila da ta ga ana yin haka a Santambul, ta sa aka yi wa 'yarta a Landan. Dabarar tana da haɗari, domin wanda aka yi wa yana iya mutuwa, yana kuma iya yaɗa cutar ga maƙwabta. Amma duk wanda ke cewa rigakafi baƙon abu ne da Turawa suka ƙago don wata manufa ta ɓoye, ya kamata ya san cewa a wannan fanni kakannin Turawan ne suka koya daga bawa ɗan Afirka da kuma tsofaffin mata na ƙasar Turkawa.

Abin da Jenner ya ƙara shi ne aminci. Ya bi maganar da ke yawo a karkarar Ingila cewa masu tatsar nono da suka taɓa kamuwa da ƙurajen shanu ba sa yin agana, sai a ranar 14 ga Mayu, 1796, ya ɗebi ruwan irin wannan ƙurji daga hannun wata mai tatsa ya sa wa yaro ɗan shekara 8, daga baya ya gwada shi da agana, ba ta kama shi ba. Matsalar da ta biyo baya ita ce yadda za a kai maganin nesa ba tare da ya lalace ba. A 1803 Sifaniya ta aika jirgin ruwa zuwa yankunan da take mulka a nahiyar Amurka ɗauke da marayu 22, ana sa wa yara biyu maganin, idan ƙurjinsu ya nuna a ɗeba a sa wa wasu biyu, har aka ƙetare teku. A ƙasashe masu zafi irin namu kuwa, maganin ruwa yakan mutu cikin 'yan kwanaki, ta yadda za a yi wa mutum allura ya tafi yana zaton ya tsira alhali ba a ba shi komai ba. Sai a shekarun 1950 aka ƙware wajen busar da shi ya zama gari mai jure zafi na tsawon wata guda ba tare da firji ba.

Ƙin allura ma tsohon al'amari ne, kuma ba a kanmu aka fara ba. Ingila ta tilasta yi wa jarirai rigakafin agana a 1853, kuma a 1885 dubban mutane suka yi zanga-zangar adawa da dokar a garin Leicester, har gwamnati ta sassauta a 1898 ta ba iyaye damar ƙi. A 1904 mutanen Rio de Janeiro a Barazil suka yi bore na kwanaki saboda dokar tilas, aka yi asarar rayuka. Ina kawo waɗannan ne domin sau da yawa akan yi maganar tsoron allura a Arewa kamar wani tabo ne na jahilci da ya keɓanta da mu, alhali tarihi ya nuna cewa duk inda hukuma ta zo wa talaka da allura a hannu ɗaya da sanda a ɗayan, ba tare da ta taɓa kula da sauran damuwarsa ba, abin da take girba ke nan.

Shawarar a kawar da cutar daga duniya baki ɗaya ta fito ne daga Viktor Zhdanov, mataimakin ministan lafiya na Tarayyar Sobiyet, a 1958. An amince da ita a 1959, amma ba a sa kuɗi da ma'aikata yadda ya kamata ba, sai a 1967 aka fara aikin gadan-gadan ƙarƙashin jagorancin likita Ba'amurke D. A. Henderson. Sobiyet da Amurka, waɗanda a lokacin suke auna juna da makaman ƙare-dangi, sun yi aiki tare a kan wannan. Aka kuma samu wata 'yar allura mai baki biyu, wadda ake tsomawa cikin maganin a caccaki damtse da ita sau 15. Tana cin kashi ɗaya cikin huɗu na maganin da ake buƙata a da, ana tafasa ta a sake amfani da ita, kuma mutumin da bai taɓa shiga aji ba yana iya koyon aiki da ita cikin 'yan mintoci. Duk da haka, tsarin da aka fara da shi shi ne a yi wa aƙalla kashi 80 cikin 100 na jama'a allura, a jira cutar ta mutu da kanta, kuma an riga an ga cewa a wurare masu cunkoso wannan bai wadatar ba, domin kashi 20 da suka rage sun isa su ci gaba da riƙe ta.

A Najeriya aka ga wata hanyar. A Disambar 1966 labari ya zo cewa agana ta ɓulla a wani ƙauye na lardin Ogoja, a tsohuwar Jihar Gabas. William Foege, wani matashin likita Ba'amurke da ke aiki a yankin, ya isa wurin da abokan aikinsa, amma maganin da ke hannunsu kaɗan ne, ba zai ishi kowa ba. Dole ta sa suka sauya tambaya: maimakon su tambayi mutum nawa za a iya yi wa allura, sai suka tambayi inda cutar take a daren nan da inda za ta nufa gobe. Suka yi amfani da rediyon da 'yan mishan ke magana da juna, aka rarraba yankin, aka tura 'yan aike ƙauye-ƙauye su dubo, kuma cikin kwana guda aka san ƙauyukan da ke da marasa lafiya. Aka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka allura, sannan aka bi dangantakar aure da kasuwannin da suke ci, aka tare wuraren da ake ganin cutar za ta bi. Annobar ta tsaya alhali ɗan kaso kaɗan na jama'a aka yi wa allura. Dabara ce irin ta manomin da ya hango gobarar daji, wanda ba ya ɗaukar tulu ya bi daji yana yayyafi, sai dai ya share gefen da wutar ta dosa don ta rasa abin ci. Wannan hanya ta nemo mai cuta a kewaye shi da rigakafi ita ta zama ginshiƙin aikin a duniya, tare da allurar gama-gari.

Shirin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda ya haɗa ƙasashe 20 har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, ya fara a 1967, kuma mutum na ƙarshe da ya yi agana a yankin an same shi a Najeriya a watan Mayun 1970. Shekara uku da 'yan watanni ke nan, a yankin da hanyoyi suka yi ƙaranci, likitoci suka yi ƙaranci, kuma ana tsakiyar yaƙin basasa a ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a. Dattawanmu da suka yi layi aka harba musu maganin da na'urar nan mai kama da bindiga suna nan da lambarsu a damtse. Tabon da ke hannun matasan yau kuwa na rigakafin tarin fuka ne, domin an daina yin na agana tun da cutar ta ƙare.

Abin da ya fi jan hankalina a duk wannan tarihi shi ne maganar ƙidaya. A 1967 rahotannin da ƙasashe suka aika wa Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna masu agana kimanin 131,000, alhali adadin gaskiya ya kai miliyan 10 ko fiye. Wato cikin kowane mutum 100 da cutar ta kama, kusan ɗaya ne hukuma ta sani. Wani ɓangare na wannan rashin asibitoci ne, amma wani ɓangare da gangan ne. Iyali na ɓoye ɗansu don kada a ɗauke shi a keɓe, ma'aikacin lafiya na ɓoyewa don kada a ce bai yi aikin allurarsa ba, na sama da shi na rage adadin don kada minista ya yi fushi, gwamnati kuma na yin shiru don kada a hana 'yan ƙasarta tafiya ko baƙi su ƙaurace mata. Iran ta yi fama da annoba a farkon shekarun 1970 ba ta sanar ba, cutar ta tsallaka Iraƙi da Siriya, daga nan wani matafiyi ya kai ta Yugoslabiya a 1972, inda mutum 175 suka kamu, 35 suka mutu, aka kuma yi wa mutane kusan miliyan 18 allura cikin 'yan makonni kafin a shawo kanta.

A Indiya aka fuskanci wannan ɗabi'a kai tsaye. A ƙarshen 1973 aka fara fitar da ma'aikata fiye da 100,000 suna bin ƙauye-ƙauye, daga baya gida-gida, riƙe da kati mai hoton yaro mai agana, suna tambaya ko an ga mai irin wannan. A jihar Uttar Pradesh, inda rahoton makon da ya gabata bai kai mutum 400 ba, binciken mako guda ya tono kusan 6,000. A 1974 adadin da Indiya ta bayyana ya kai 188,000, jaridu suka yi ta cewa aikin ya rushe, alhali abin da ya faru shi ne an fara faɗin gaskiya. Aka sa lada ga duk wanda ya kawo labarin mai cutar, har da ma'aikacin lafiyar da ya tabbatar, ta yadda abin da a da yake jawo wa ma'aikaci takardar tuhuma ya koma abin da ke kawo masa kuɗi da yabo. Aka riƙa ajiye masu gadi a ƙofar gidan mara lafiya dare da rana, ana kai wa iyalin abinci don kada yunwa ta fitar da su. A watan Mayun 1975 aka ga mai agana na ƙarshe a Indiya. A Oktoban wannan shekarar aka samu Rahima Banu, ƙaramar yarinya a tsibirin Bhola na Bangaladash, wadda ita ce ta ƙarshe da nau'in agana mai tsanani ya kama a cikin jama'a, kuma wata yarinya 'yar shekara 8 ce ta kai labarinta, aka ba ta ladar taka 250, kuɗin ƙasar.

Ba zan ɓoye cewa an yi amfani da ƙarfi ba. Akwai ma'aikatan da suka rubuta da hannunsu cewa a ƙarshen aikin a Indiya da Bangaladash sun fasa ƙofofi cikin dare, sun danne mutane sun yi musu allura. Wasu na ganin sakamakon ya wanke wannan. Ni ban yarda ba. An ci nasara a kan agana ne cikin ɗan lokaci, ma'aikatan suka tattara suka tafi, amma jin cewa an wulaƙanta ka a cikin gidanka yakan zauna a zuciya, kuma shirin lafiya na gaba shi ke biyan bashin.

Mutum na ƙarshe da agana ta kama a cikin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, wanda ƙuraje suka fito masa a ranar 26 ga Oktoba, 1977. Ya taɓa aiki da masu rigakafin, amma shi kansa ya zille wa allurar don tsoron zafinta. Ya warke, daga baya ya ba da shekarunsa ga yaƙi da shan-inna a ƙasarsa, yana ba iyaye labarin kansa, har zazzaɓin cizon sauro ya yi ajalinsa a 2013 yana bakin wannan aiki. A 1978 kuma wata mai ɗaukar hoto a makarantar likitanci ta Birmingham a Ingila, Janet Parker, ta kamu da cutar a ginin da ake ajiye ƙwayarta don bincike, ta rasu. Har yanzu ana ajiye da ƙwayar a wurare biyu da aka amince da su, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Koltsovo ta Rasha, kuma an sha ɗage ranar halaka ta.

Mai adalci zai ce agana ta zo da sauƙin da sauran cututtuka ba su da shi, kuma gaskiyarsa. Ba ta zama a jikin dabba, duk wanda ta kama ana gani a fuskarsa, ba ta cika yaɗuwa ba sai ƙuraje sun fara fitowa, allura ɗaya ta wadatar na shekaru, kuma ko bayan mutum ya yi mu'amala da mai cutar, idan aka yi masa cikin kwana uku ko huɗu tana kare shi. Shan-inna ba haka take ba, domin cikin yara kusan 200 da ƙwayar ta shiga, ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yawo da ita ba wanda ya sani. Ƙyanda kuma ta fi agana saurin yaɗuwa ƙwarai, ba a tare ta sai kusan kowane yaro ya samu rigakafi. Saboda haka ba ina cewa a kwafi dabarar Ogoja a kan kowace cuta ba ne. Ina cewa idan cutar da ake gani ƙuru-ƙuru a fuska ta iya ɓuya wa hukuma har kashi 99 cikin 100, to cutar da ba a gani ta fi buƙatar ido da kunne da amanar jama'a.

Amanar nan mun ga yadda ake rasa ta da yadda ake dawo da ita. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, a gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya dace ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan-inna yana hana haihuwa, ta tarar da zukata a shirye. An dakatar da rigakafin a Kano kusan shekara guda, ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, yara suka shanye a wuraren da aka riga aka rabu da cutar. Jita-jitar ƙarya ce, kuma yaranmu ne suka biya kuɗinta da ƙafafunsu. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, da kwamitin sarakunan Arewa da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya kafa a 2009, da dubban mata da suka riƙa shiga gida-gida, waɗanda aka harbe tara daga cikin irinsu a Kano a Fabrairun 2013. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba a nan, domin hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta faɗa da fita daga cikinsa, kuma ba yadda za a yi aiki da wannan umarni idan ana ɓoye cewa annobar ta faɗa.

Duk da haka, a 2023 mashaƙo ta kashe ɗaruruwan mutane a Najeriya, mafi yawansu yara, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa. Rigakafin mashaƙo an san shi tun shekarun 1920, yana cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta, kuma yawancin yaran da ta kama ba su samu cikakkiyar allurar ba. Wannan shi ne ainihin halin da duniya ta zauna a ciki game da agana daga 1796 zuwa 1967: magani na nan, yara na mutuwa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mu riƙa auna gwamnatocinmu da yawan kwalaben da suka karɓo ko hotunan bikin ƙaddamarwa. Ya kamata 'yan majalisar jiha da 'yan jarida su riƙa tambayar kwana nawa ake ɗauka daga ranar da yaro ya kwanta a ƙauye zuwa ranar da labarinsa ya isa hedikwatar ƙaramar hukuma, ko jami'in sa ido kan cututtuka yana da babur da man da zai zuba masa, ko an biya masu bi gida-gida alawus ɗinsu a kan kari, da kuma abin da ke faruwa da ma'aikaciyar ƙaramin asibiti idan ta rubuta cewa yara goma sun mutu a yankinta cikin mako guda. Idan abin da ke biyo bayan rahotonta shi ne tuhuma ko sauyin wurin aiki, to a wata mai zuwa za ta rubuta biyu, kuma kwamishina zai karanta biyun a gaban 'yan jarida.